Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Daga Rayuwar Adam Vinatieri

Ƙannena samari da 'yan mata, akwai wata sana'a a Amurka da nake so ku duba da idon basira, ko da ba ku taɓa kallon wasanta ba. Wasan shi ne ƙwallon Amurka, wanda ƙwallonsa doguwa ce mai tsini a baki biyu, 'yan wasa sanye da hular kwano, ana rungumar ƙwallo a gudu ana kayar da juna. A kowace ƙungiya akwai mutum guda da aka ɗauka don abu ɗaya tak: ya buga ƙwallo da ƙafa ta haye wata sanda mai tsawon ƙafa 10 daga ƙasa, ta bi ta tsakanin turaku biyu da tazararsu ƙafa 18 da rabi ce. In ta shiga, maki 3. Ana kiransa ne idan 'yan'uwansa sun kasa kai ƙwallo ƙarshen fili inda ake samun maki 6, ko kuma bayan sun kai, ya ƙara musu maki 1.

Wasan yakan ci kusan awa uku. Duk tsawon wannan lokaci mai bugun yana gefen fili, yana dukan ƙwallo cikin wata 'yar raga don kada ƙafarsa ta huce. Sau nawa za a kira shi? 'Yan kaɗan. Idan kiran ya zo, wani zai duƙa ya cilla ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga wani da ke durƙushe yadi 7 ko 8 a baya. Wannan zai cafe, ya tsayar da ita a kan tsininta, ya juya ɗinkin ya kalli gaba, ya danne da yatsa. Mai bugu, wanda ya riga ya ja da baya taku uku, ya karkata gefe taku biyu, sai ya taho ya daka. Daga cillawa zuwa bugu bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, kuma ƙarti goma sha ɗaya na ta kutsowa su tare. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ake auna mutum, a ce ya iya ko bai iya ba, a ci gaba da biyansa ko a sallame shi.

Adam Vinatieri ya yi shekara 24 yana wannan aiki a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. An haife shi a 1972 a Yankton, jihar Dakota ta Kudu, ya taso a Rapid City, ya yi karatu a jami'ar South Dakota State, wadda ba ta cikin manyan makarantun da masu farautar 'yan wasa ke rububi. Da ya gama, aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara, ƙungiyoyi suka ɗebi na ɗiba, ba wadda ta ambaci sunansa.

Na san kukan da yawancinku ke yi, kuma ba zan ce ƙarya ba ne: ba a ba mu dama, aiki sai mai uwa a gindin murhu, jari sai ɗan wane. Akwai gaskiya mai ɗaci a ciki. Amma ina roƙon kowa ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: da za a buga maka waya gobe da safe a ce ga damar nan, zo ka nuna abin da ka iya, me za ka nuna? Da yawa daga cikin masu jiran kira sun ajiye aikin tun ranar da suka karɓi takardar shaida. Mai digirin lissafin kuɗi ya shekara biyu bai buɗe littafin ba. Wanda ya koyi kwamfuta ya bar ta ta yi ƙura, yana majalisa daga hantsi har la'asar ana musun wa ya fi wa a ƙwallon Turai. Jira ake yi, amma jira hannu rabbana.

Ga abin da Vinatieri ya yi da nasa jiran. Ya tattara ya tafi wani ƙaramin gari mai suna Abingdon a jihar Virginia, wajen wani mai horarwa da ake kira Doug Blevins, ya zauna watanni yana koyo a hannunsa. Shi Blevins an haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓi. A keken guragu yake, kuma tunda yake a duniya bai taɓa buga ƙwallo da ƙafarsa ba. Abin da Allah ya ba shi ido ne da naci. Ya ɓata shekaru yana nazarin yadda ake bugu har ya zama yana iya gane kuskure daga inda mutum ya dasa ƙafar tsayuwa, da yadda ƙugu ya juya, da inda kai ya kalla lokacin da ƙafa ta haɗu da ƙwallo. Daga baya ƙungiyar Miami Dolphins ta ɗauke shi aikin horar da masu bugunta.

Ku tsaya ku hango wannan. Saurayi lafiyayye, majiyi ƙarfi, wanda aka sani a jami'arsa, yana tsaye a fili yana sauraron mutumin da ko miƙewa ba ya iya yi yana ce masa sake, ba haka ba. Ya sake. A sake ce masa sake. Wa zai iya wannan a cikinmu? Mu da yaro zai shiga garejin oga ya yi wata uku, ya iya kwance taya da canza mai, sai ka ji yana cewa ai ba abin da ogan ya fi shi. Mu da mai digiri ke jin nauyin durƙusawa gaban kafinta ko tela don bai yi boko ba. Yarinya za ta je koyon ɗinki, uwar ɗakinta ta warware mata wuyan riga sau biyu, gobe ba za a sake ganinta ba, wai an wulaƙanta ta. Wallahi wannan girman kan yana cin mu fiye da yadda rashin jari ke cin mu. Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Da Vinatieri ya kalli keken maimakon ya saurari mai keken, da wataƙila ba wanda ya san sunansa yau.

Kuma da ƙofa ta buɗe, ba babbar ba ce. A 1996 ya tsallaka Turai ya buga wa Amsterdam Admirals a wata ƙaramar gasa da NFL ta kafa can. Bai ce wannan ta yi masa kaɗan ba. Daga nan New England Patriots, wata ƙungiya ta NFL, suka gan shi suka ɗauke shi a shekarar. Makonninsa na farko sun yi muni, ya zubar da bugu da dama, har kocinsa Bill Parcells, mutum marar wasa, ya kusa korarsa. Sai ga wasa da Jacksonville, ya zura biyar, ciki har da wanda ya raba gardama a ƙarin lokaci. Aikinsa ya tsira.

(Abin sha'awa, 'yan Najeriya biyu sun riga shi wannan sana'a. Obed Ariri da Donald Igwebuike sun je jami'ar Clemson da ƙwallon ƙafa irin tamu, suka koma bugun ƙwallon Amurka, kuma dukansu sun buga wa Tampa Bay a shekarun 1980.)

Ranar da duniya ta san shi ita ce 19 ga Janairu 2002. Wasan sili ɗaya ƙwale ne da Oakland Raiders a tsohon filin Foxboro, da dare, dusar ƙanƙara na zuba har ta shafe layukan fili. Raiders na gaba da 13 da 10, saura kusan rabin minti. Aka kira shi ya buga daga nisan yadi 45. Ƙasa na santsi, ƙwallo ta daskare ta yi tauri, turakun da ƙyar ake hango su. Ya buga ta ƙasa-ƙasa, ta tafi tana layi cikin farin hazo, ta haye sandar da ƙyar. Kunnen doki. A ƙarin lokaci aka sake kiransa daga yadi 23, kuma kafin bugun sai ga abokan wasansa suna share masa ƙanƙara da takalmansu daga inda zai dasa ƙafa. Ya zura, aka tashi 16 da 13. Mako biyu bayan haka, 3 ga Fabrairu, a wasan ƙarshe na cin kofin gasar, wanda ake kira Super Bowl, a New Orleans, ana 17 da 17 da St. Louis Rams waɗanda kowa ya ba su kofi tun kafin a fara, ya buga daga yadi 48 agogo na cika. Patriots suka ɗauki kofinsu na farko a tarihi.

Masu kallo sun ga bugu biyu ko uku. Ba su ga filin Abingdon ba, ba su ji sake, sake ba. A daren ƙanƙarar nan babu lokacin tunanin ina zan sa ƙafa. Abin da jiki ya sha maimaitawa shi ya fito. Haka jarrabawa take, haka ganawar neman aiki take, haka ranar da babban kwastoma zai shigo shagonka ba zato ya ce yi mini wannan in gani. Abin da ka tara a ɓoye shi kaɗai za ka iya fitarwa a fili.

Akwai kuma wani darasi da na fi so ku riƙe, domin a nan da yawa ke karyewa. A Super Bowl na Fabrairu 2004 da Carolina Panthers, a Houston, Vinatieri ya zubar da bugunsa na farko daga yadi 31, wanda a wajensa abin sauƙi ne. Na biyu kuma aka tare. Sau biyu a gaban miliyoyin mutane. Wasa ya zo ƙarshe ana 29 da 29, aka sake cewa fito, yadi 41. Ya fito ya zura, saura daƙiƙa 4. Bai shigo fili da gawar bugu biyun nan a kafaɗa ba. Ya ɗauki abin gyara daga cikinsu ya bar sauran a gefen fili.

Mu kuwa fa? Mutum zai faɗi jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya ya ce shi da boko har abada. Kaji su mutu a zubin farko, a rufe keji a ce kiwo ba sa'arsa ba ne. Wani ma daga nan sai ƙwaya, wai don ya manta. Ɗan'uwana, faɗuwar gaba asarar namiji. Yi baƙin cikinka, ba laifi, amma ka zauna ka gano ko ƙafar tsayuwa ce ta goce ko ido ne ya ɗaga da wuri, sannan ka koma layi.

Ba kuma kowa ke samun bugu na uku a ranar ba. A Janairun 1991 Scott Norwood, mai bugun ƙungiyar Buffalo Bills, ya tsaya a yadi 47, saura daƙiƙa 8 a tashi Super Bowl, ƙwallo ta bi ta dama da turke, New York Giants suka ci 20 da 19. Har yau da wannan bugu ake tuna shi. Amma bai ɓuya ba. Ya tsaya ya amsa tambayoyin 'yan jarida bayan wasan, bai ɗora wa mai riƙe ƙwallo ko iska ba. Da suka koma Buffalo, dubban mutane suka taru a dandalin gari suna kiran sunansa har ya fito ya yi musu magana. Shekara ta zagayo, a wasan da zai kai su Super Bowl na gaba, suka doke Denver 10 da 7, kuma maki ukun da suka raba su daga ƙafarsa suka fito. A wurina wannan mutumin bai gaza Vinatieri a mutunci ba. Idan ka yi kuskure a wurin aiki, ka ce ni ne. Idan kuma abokinka ne ya zubar, ka zama irin mutanen dandalin nan, kada ka zama na farkon ɗora shi a Facebook ana dariya.

Sai maganar waɗanda suka ɗan samu. Da yawa daga cikinmu nasarar farko ce ke kashe su: an yaba ɗinki ɗaya, an samu kwangila ɗaya, shi ke nan sai jinkirin zuwa shago da barin aiki hannun yara. Vinatieri yana da kofi uku a hannu lokacin da ya koma Indianapolis Colts a 2006, ya ƙara na huɗu a kakarsa ta farko a can. Tsakanin 2015 da 2016, ya haura shekara 42, ya zura bugu 44 a jere babu kuskure, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Abokan wasansa na lokacin wasu ba su shiga firamare ba sa'ad da ya fara. A Oktoban 2018 ya wuce maki 2,544 na Morten Andersen, ya zama wanda ya fi kowa tara maki a tarihin gasar.

Kakar 2019 ta zo masa da wahala. Yana da shekara 46, gwiwa ta fara ba shi matsala, ya zubar da bugu 14, magoya bayan da suka sha yi masa tafi suka fara cewa lokaci ya yi. Ya ci gaba da fitowa duk mako ana kiransa yana amsawa, har zuwa Disamba da aka ajiye shi don yi masa tiyata. Bai sake bugawa ba. A watan Mayun 2021 ya sanar da ritaya, da maki 2,673 da bugun maki uku 599.