Tsibiran Maldib: in za ka je, ka sauka cikin mutane

Tun da bazara ta kama, hotunan tsibiran Maldib ke ta yawo a Facebook da WhatsApp: ruwa shuɗi garau har ana hangen ƙasansa, farin rairayi, ɗakunan katako a bisa ruwa. Duk wanda ya sa irin hoton nan, kafin la'asar an rabu gida biyu a ƙarƙashinsa. Wasu na cewa Allah ya kai mu, wasu na cewa wannan almubazzaranci ne, ana ta tiyar hatsi wa ke ta yawon shan iska. Ina da magana da kowane ɓangare, kuma za ta ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri.

Masu cewa almubazzaranci ne suna da gaskiyarsu. Wanda bai sauke farali ba, ko bashin mutane ke wuyansa, ko rumbunsa ba zai kai shi kaka ba, ba da shi nake ba. Da Alhazan garin nan nake, waɗanda Allah ya hore wa. Mutanen Maradi ba baƙin tafiya ba ne. Daga Kwatano da Lome har Dubai da Sin, babu inda fataucinmu bai kai ba. Amma ka tambayi Alhaji me ya gani a shekara 20 da ya yi yana zirga-zirga, sai ka tarar filin jirgi ne, da masauki, da sito, da wurin lodin kwantena. Ya dawo da dare, da hantsi yana kanti. Sai an wayi gari likita ya ce hawan jini ne ko ciwon suga, sannan a kwanta dole. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jikinka yana da hakki a kanka, iyalinka ma suna da hakki a kanka. Hutu da halalinka ba abin kunya ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mu riƙa ɓoye shi ko mu laƙaba masa sunan "tafiyar kasuwa" kafin mu iya faɗinsa ba.

Daga Dubai zuwa Male, babban birnin Maldib, tafiyar kamar awa 4 ce a jirgin sama, kuma a filin jirgi ake buga wa baƙo bizar kwana 30 kyauta. Ni ma ta nan na bi, na ɗora a kan tafiyar sayayya. Abin da na gano shi ya sa nake wannan rubutu: Maldib ɗin da ke cikin hotunan nan daban, wadda mutane ke zaune a cikinta daban.

Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, kuma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Da aka buɗe otal na farko a 1972, tsarin da aka bi shi ne a ɗauki tsibirin da ba kowa a ba kamfani ya gina otal guda, ya riƙe tsibirin a haya daga gaɓa zuwa gaɓa. A filin jirgi za a ɗauke ka, a kai ka, a dawo da kai. A can ake sayar da giya, a can ake yawo kusan tsirara, abin da doka ba ta yarda da shi ba a garuruwan ’yan ƙasa. Masu yi maka hidima da yawansu ’yan ci-rani ne daga Bangaladash da Indiya da Siri Lanka. Kana iya yin sati guda ka koma gida ba ka shiga gidan mutumin ƙasar ko ɗaya ba, ba ka san abin da suke ci ba. A manyan cikinsu kwana ɗaya yana wuce dalar Amurka 1,000. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ku lissafa da sefa ku gani. In wannan ne hutun, to ina tare da masu cewa almubazzaranci: ka biya kuɗin gona ne don ka zauna cikin ɗaki mai sanyi ka ɗauki hoto.

A 2009 gwamnatinsu ta yarda ’yan ƙasa su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune. Tsibirin Mafushi na cikin waɗanda suka fara, kilomita 27 ne daga Male, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, kana zagaye shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba. Yanzu shi ma ya cika da baƙi, har an keɓe wa Turawa gefen gaɓarsu na wanka, amma akwai irinsa da dama da suka fi shi natsuwa, kuma jirgin fito na gwamnati yana zuwa da ɗan kuɗi kaɗan. Kuɗin kwana a irin waɗannan masaukai ko kusa bai kama ƙafar na otal ba, kuma hannun mai gida yake shiga, da matar da ta dafa, da yaron da ya tuƙa kwalekwale.

Mutanen Musulmi ne tun 1153, lokacin da sarkinsu ya musulunta. Kiran salla ke tashe ka da asuba. Ka shiga masallaci ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutu a fili bayan ruku'u, jama'a sun ɗaga hannu suna amin, don su Shafi'iyya ne, mu Malikiyya. Ba ka jin yarensu, ba su jin naka, amma sahu ɗaya ne. A Male akwai tsohon masallacin Juma'a da aka gina da dutsen murjani wajen 1658, an sassaƙa jikinsa da zane mai kyau, har yau ana salla a ciki. Abincin safe kuwa kifin tuna ne a dagargaje da kwakwa da albasa da tanka, a ci da wata gurasa marar kauri. Da rana romon kifi da shinkafa da lemun tsami. Ba ka tambayar ko halal ne. Masuntansu ma abin kallo ne, da sanda da ƙugiya suke kama tuna ɗaya bayan ɗaya, ba su share teku da taru.

Akwai kuma abin da ya haɗa mu da su, wanda na tabbata yawancin masu tura hotunan nan ba su sani ba. Farin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Katsina da Gobir da Tasawa, wanda har yanzu ake gani a jikin kayan ’yan bori da ’yan kokawa, asalinsa daga waɗannan tsibirai yake. Reshen kwakwa suke sakawa a ruwa, ƙananan dodon koɗin su manne, a janyo a binne cikin rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ƙwaryar. Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya yi alƙalanci a Maldib wajen 1343, ya ce a can wuri 400,000 ake bayarwa a dinarin zinariya guda. Bayan kamar shekara 10 ya iso ƙasarmu ta Sudan, wato Afirka ta Yamma, ya ga wurin nan a Mali da Gawo ana canza 1,150 da dinari. Ɗan kasuwa ya tsaya ya duba wannan tazara. A wannan tafiya ce ya sauka Takadda, cikin ƙasar Agadas ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa loda wurin zuwa Holan da Ingila, daga can su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi, shi kuma ya biyo fatake ya hauro arewa. Da Bature Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina da Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin liyarin azurfa guda. A cikin ƙarnin nan ne kuma aka fara kwararo wani wurin mai araha daga Zanzibar har darajarsa ta zube. Sadakin kakanninmu mata da wannan aka biya shi, kuma da shi aka sayi ’yan uwanmu aka tsallaka teku da su. Ranar da na tsinci ƙwaya ɗaya a bakin ruwa, jikina ya yi sanyi. Wanda aka rufe a tsibirin otal ba mai ba shi wannan labari.

Kada kuma hoto ya rufe mana ido ga wahalar mutanen. Ƙasar gaba ɗaya ba ta da tudu. Kashi 80 cikin 100 na ƙasarsu bai kai mita 1 a bisa ruwa ba, teku kuwa ƙara hawa take. Mu nan mun san aikin ruwa. Da Gulbi ya ci tsohon gari a 1945, tudu aka hau aka sake kafa Maradi, kuma ba mu manta gidajen da damanar 2024 ta rusa mana ba. Mu muna da inda za mu hau, su ba su da shi. Shi ya sa a 2009 shugabansu Muhammad Nashid ya tara ministocinsa suka yi zama a ƙarƙashin ruwa da kayan nutso, don duniya ta waiwaye su. Ga ruwa ya kewaye su ta ko'ina, amma na sha sai an tari na sama ko an tace gishirin na teku da inji mai shan gazuwal. A Disamban 2014 gobara ta kama injin tace ruwa na Male, sai da Indiya ta kawo musu ruwan sha a jiragen sama. Shara kuwa, tun 1992 suka ware wani wuri kusa da Male mai suna Tilafushi suna cike shi da juji har ya zama tsibiri. Baƙi sun haura miliyan 2 a 2024, ’yan ƙasar da mazaunanta duka-duka kamar rabin miliyan ne. Kowace robar ruwa da baƙo ya sha ya yar, a ƙasar nan da ba ta da fili za ta kwana. Mu da leda ta cinye mana gonaki da cikin awaki bai kamata a yi mana dogon bayani ba. In ka je, ka riƙe gorarka guda kana cikawa, ka taƙaita wanka, kada ka taka murjani ko ka ɓalle shi don tsaraba. Abu ne mai rai, shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajen mutane, kuma zafin teku na 1998 da na 2016 ya riga ya kashe mai yawa.

Wani zai ce ga Madarumfa nan kusa, me ya kai ka nesa. Wallahi a je Madarumfa, a kai yara su ga tafki da masunta da tsuntsaye, abin takaici ne yaron Maradi ya girma bai taɓa shiga kwalekwale ba. Sai dai tafki daban, teku daban. Mu ’yan ƙasar da ba ta taɓa teku ba ne, kayanmu kaɗai ke hawanta. Tsayawa a ɗan tsibirin da kake jin ƙarar ruwa ta gabas da ta yamma lokaci guda, ka duba ko'ina ba ka ga ƙasa ba, yana sa mutum ya san girman Mai halitta ta wata fuskar da bai saba ba.

Wanda ya yi niyya, daga Disamba zuwa Afrilu ne ruwan sama ke ɗaukewa a can, teku ta kwanta. Jirgin fito na gwamnati ba ya tashi ranar Juma'a, sai ka tsara kwanakinka da haka. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, don haka duk wanda ya miƙo maka rigar ruwa ka karɓa ka sa, ba ragwanta ba ce.

Sannan Alhaji, don Allah kada ka tafi kai kaɗai ko da abokan kasuwa. Hajiya ce ke riƙe da gida duk shekarun da kake Dubai da Sin, ita ke tashi da mai zazzaɓi cikin dare, ita ke sallamar baƙinka. A tsibiran da mutane ke zaune za ta shiga ruwa da hijabinta ba mai kallonta, don haka matan garin ke shiga. In suna da yawa a gidan, a yi adalci, kowa da zuwanta. Fasfo yana ɗaukar lokaci kafin ya fito, in kana nufin sanyin bana sai ka fara da nata tun yanzu.