Gasar Kwantai a Agege

Baba mai Alƙur'anai ne ya kawo shawarar, kuma da yake shi ne babbanmu a layin masu littattafai na bakin masallaci a nan Agege, ba wanda ya iya buɗe baki ya musa. Ya ce kowa ya leƙa ƙarƙashin teburinsa ya zaƙulo littafin da ya fi daɗewa yana kwantai, ya yi masa talla tun daga tsayuwar watan Sha'aban har ƙarshensa, kafin azumi ya shigo kasuwa ta koma ta Alƙur'ani da littattafan addu'o'i. Abin da aka samu, uwa da riba, a haɗa a ɗinka wa marayun unguwa kayan Sallah. Wanda ya fi ciniki a naɗa shi Sarkin Kwantai. Wanda ya zo kurar baya kuwa shi zai sayi tsiren walima.

Sharuɗɗa uku ya gindaya. Ba bashi, ba sayar wa maiɗaki ko suruki, sannan duk cinikin da aka yi sai maƙwabcin tebur ya shaida ya sa hannu a littafin Baba.

Wanda bai san sana'armu ba zai ɗauka wasa ne. Da can kwali-kwali ake sauke mana littattafan soyayya daga Kano, matan aure su aiko yara tun ba a kwance igiya ba. Yanzu waya ta cinye wannan kasuwar, marubutan ma sun koma WhatsApp suna sakin labari shafi-shafi. Mu dai sunan masu littattafai kawai ya rage mana, abin da ke ciyar da mu turare ne da tazbaha da dabino da man habbatussauda.

Maƙwabcina Bazazzagi ya ɗauko wani siririn littafi na koyon kiwon kaji. Hajiya mai shagon kwana ta zaɓi na girke-girke. Basakkwace ya fito da waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Ni kuwa na jawo wani kwali da na gada wurin kawuna tare da teburin, ɗauke da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo har guda 30. Raɓar Legas ta manne wasu shafukan, kyankyasai sun ɗanɗana gefen wasu, amma dai ana karantawa.

Ban zaɓe shi da ka ba. A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai na Hausa ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Jiki Magayi, sai wannan nawa. Sauran huɗun duk wanda ya zauna a aji ya taɓa jin sunansu, shi kuwa ko malaman makaranta sai sun yi shiru sun ɗaga kai sama kafin su tuna shi. Ga shi marubucin mutumin Gwarzo ne, namu na ƙasar Kano. Labarin ɓarayi ne da dabarunsu.

Bazazzagi na jin haka ya kwashe da dariya. "Bakano ke nan! Ko littafin sadaka za ka ɗauka sai na ɓarayi?"

Na ce, "Ai a garinku Zariya aka buga shi, ka ga can aka sami ƙwararrun da suka duba ko an yi kuskure."

Ranar Juma'a ta farko na shirya tallata tsaf. Na bi shaguna da ƙyar na samo naira biyar, don in nuna wa jama'a hoton Abubakar Tafawa Ɓalewa in ce musu ga wanda ya rubuta Shaihu Umar, da shi marubucina ya kara. Ana sallamewa na ɗaga kuɗin sama na fara zuba tarihi. Wani yaro ya tsaya yana kallon takardar, ya tambaye ni ko har yanzu ana karɓarta. Wani dattijo kuma ya saurare ni tun daga farko har ƙarshe yana gyaɗa kai, na ce a raina yau Allah ya kawo kasuwa. Da na dire sai ya ce, "Madalla, Malam. To ba ni na mai naira biyar ɗin." Shaihu Umar na sayar, wanda ba ya cikin gasarmu ta kwantai. Bazazzagi har da tambayata ko ya sa hannu.

Da na ga bakin masallaci ba zai fisshe ni ba, sai na ɗauri aniyar Mile 12. Can ne Hausawa suke maƙil, can motocin tumatir da albasa da attarugu suke sauke kaya daga Arewa, kuɗi na yawo a aljihun mutane tun asuba. Na shiga danfo da kwalina a cinya, kwandasta ya dube ni ya dubi kwalin ya ce kuɗin mutum biyu zan biya. Na ce a cinyata yake, ya ce ai nauyinsa a kan tayarsa yake. Muka bi ta Ojota da Ketu cikin cunkoso, gwiwar wani a bayana, kwandon wata a kafaɗata.

Wanda bai taɓa tallar adabi a tsakiyar 'yan gwari ba bai san wulaƙanci ba. Ka fara "Salamu alaikum, Alhaji, wani littafi ne," sai ka ji "Hanya! Hanya!" ɗan dako ya ture ka cikin caɓi. A rumfar wasu masu albasa ne na samu aka ba ni benci. Ina cewa ɓarayi sai mai rumfar ya ajiye lissafinsa ya matso.

"Na maganin ɓarayi ne, Malam? Wallahi sun dame mu. Makon jiya buhu guda suka ɗauke."

Kafin in ba shi amsa mutum ya kai takwas sun kewaye ni, kowa hannu a aljihu. Jama'a, na ga kwalin nan ya ƙare a idona. Na ga rawani a kaina. Kalma ɗaya ce tsakanina da sarauta, in ce "E." Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni a bencin yana cewa ai don marayu ne. Abin da ya cece ni, ban da tsoron Allah, biyu daga cikinsu a Agege suke kwana kuma sun san teburina. Na haɗiye yawu na ce labari ne na nishaɗi. Hannaye suka fito daga aljihu wayam. Mai rumfar ne kaɗai ya sayi ɗaya, ya ce zai tura shi ƙarƙashin buhu duk da haka, ba a san inda rana za ta faɗi ba.

A hanyar fita wani agbero, wato ɗan tasha mai karɓar kuɗi, ya tare ni sai na biya kuɗin ƙasa. Na miƙa masa littafi ɗaya a madadin kuɗi. Ya juya shi gaba da baya, ya shinshina, ya mayar mini cikin kwali, ya ce in wuce.

Dabarar da na fi alfahari da ita ita ce ta teburin mai shayi. Bayan isha'i mahauta na kwatar Oko-Oba da masu gadi da 'yan dako sukan taru nan. Na zo da fitilar waya na fara karanta musu da murya, ina canza harshe in ɓarawo zai yi magana. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar cokali a kofi. Daidai inda labari ya ɗau zaƙi na rufe littafin na ce mai son ci gaba ga shi nan, naira 500. Suka yi ta roƙo, na ƙi. Washegari taron ya ninka, mai shayi ya ƙaro burodin Agege da kiret ɗin ƙwai, Indomie ta ƙare tun kafin in kai tsakiyar shafi. Daga ƙarshe wani saurayi cikin mahautan ya zaro kuɗi ya sayi ɗaya. Na koma gida ina lissafin cewa gobe sauran za su biyo sahu.

Gobe ta yi, na tarar da benci ba kowa sai mai shayi yana kora ƙuda. Ashe yaron nan kwana ya yi yana karance littafin cikin waya, ya tura muryar a zauren WhatsApp na mahauta, daga nan ta bazu har Idi-Araba. Wani mai gadi ma tare ni ya yi a hanya yana ba ni labarin yadda aka ƙare, wai ko ban kai wurin ba. Mai shayi ya ba ni kofi ɗaya kyauta saboda cinikin da na jawo masa, shi ma ba madara.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi na leƙa littafin Baba. Ina da 4, Basakkwace na da 5, Bazazzagi 9. Na tuna yadda Bazazzagi ke cin tsire in ba shi zai biya ba, gabana ya faɗi. Sharaɗi ya hana maiɗaki da suruki, amma Baba bai ce komai ba game da yaron mai wanki na bayan layin dogo, wanda ba kowa ya san fuskarsa a layinmu ba. Na kira shi gefe na damƙa masa naira 5,000. Na ce bayan la'asar ka zo teburin da ke kusa da famfo, za ka ga mai farar hula, ka nuna ba ka san shi ba, ka ce a ba ka littafin gasa guda 10. Ya ce, "An gama, Baba."

Yaron nan ko la'asar bai jira ba. Ina can bayan masallaci ina alwala, hulata a aljihu, ya iso. Bazazzagi kuwa, wanda kullum zanna bukar ke kansa, ranar ce Allah ya nufa ya sa farar hula. Ina dawowa ina yarfe ruwa sai na hango yaron tsaye da kaji goma a hammata, Bazazzagi na lasar yatsa yana ƙirga kuɗina.

"Yauwa, Bakano, zo ka shaida! Ka ga yaron kirki, kiwo zai fara."

Yaron ya dube ni, ya tuna na ce ya nuna bai san ni ba, ya kau da kai. Baba ya miƙo biro. Na duba hagu na duba dama, na sunkuya na rattaba hannu a kan cewa na ga wannan ciniki da idona kuma halal ne. Bazazzagi har da ce wa yaron in ya ga kaji na zawo ya dawo, akwai bayani a shafi na bakwai.

Duk da haka bai ci sarautar ba. Hajiya ce ta zo ranar ƙirga da 41, ashe ita ko tallar titi ba ta fita ba, Islamiyyar matan aure ta bi da gidajen biki, duk uwar amarya sai ta saka ɗaya cikin kayan ɗaki. Aka yi ta muhawara ko mace Sarki za a ce mata ko Magajiya, ta ce su kira ta duk abin da suka ga dama, a dai kawo tsire. Kuɗin da aka tara Baba ya kai wa tela a gabanmu, da nawa dubu biyar ɗin a ciki ƙarƙashin sunan Zazzau. Tsire kuwa ni na saya, Bazazzagi ya ce a ƙara masa ƙuli da albasa.

Da dare yaron mai wanki ya kawo mini kajina goma har gida, ya tsaya yana jiran tukuici. Na tura su ƙarƙashin gado. Ban san maiɗakina ta gano su ba sai bayan Sallah, da na dawo na tarar da kwali mai huji-huji a bayan ƙofa da 'yan tsaki suna tsiwa a ciki, a ɗaki ɗaya da falo, a gidan haya da mai gidan Bayarabiya ce da ko kyanwa ba ta yarda a ajiye ba. Na tambaye ta wannan fa? Ta ce, "Malam, ai littafin nan da ka ɓoye akwai ilimi a ciki. Don Allah gobe ka tambayar mini maƙwabcin naka ko akwai na biyu."