Teku Tana Wane Hannunka?

Duk Bakanon da ya tashi a cikin gari yana ganin babu abin da za a koya masa game da keke. Ni a kan Rali na babanmu na koya, ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya saboda ban kai sirdi ba, har na girma ina ɗauko buhun masara a kariya daga kasuwar Rimi ba tare da na sauke ƙafa ba. Kuma kekunan Rali a Nottingham aka san su, wato keken Ingila na fara hawa tun kafin in san inda Ingilar take. Da wannan hujja na cika baki a gaban abokin zamana a Portsmouth, wani Bazazzagi da ya zo karatu amma ya ɓuge da shiga ƙungiyar 'yan tseren keke.

Bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "To bawana, ranar Asabar mu zagaya tsibirin Wight. Sittin da biyar ce kacal."

Na ce sittin da biyar ai motsa jini ce. Sai da muka shiga jirgin ruwa na ji cewa mil yake nufi, wato kilomita ɗari da 'yan kai.

Keken da ya aro mini ba shi da kariya, ba shi da jak, ba shi da ƙararrawa. Faɗin tayarsa milimita 25, sirdin kuma wanda ya ƙera shi ko dai bai taɓa zama ba, ko yana da wata tsohuwar gaba da 'yan Adam. Aka haɗo mini da hular kwano, da wani matsattsen gajeren wando mai soso a mazaunai, da takalmi mai ƙarfe a tafinsa wanda ke maƙalewa a jikin feda. Wandon na sa, amma na ɗora dogon wandona na shadda a kai, domin ni ɗan mutunci ne kuma akwai masu ɗaukar hoto a duniya.

Daga Portsmouth zuwa Ryde minti 22 ne a ƙaramin jirgin fasinja. A nan Bazazzagi ya tsaya yana yi mini bayanin alamomin hanya, wai iri biyu ne: wata farin tsibiri a kan shuɗi, wata shuɗin tsibiri a kan fari, ɗaya ta masu zagaye ta dama, ɗaya ta masu zagaye ta hagu. Ni kuwa ina can ina ɗaukar bidiyon teku zan sa a WhatsApp, ina ta cewa "na gane, na gane."

Jirgin ba ya isa gaɓa, saboda idan ruwa ya janye a Ryde yashi ne zalla mai nisa. A kan wata doguwar gada ta cikin teku yake sauke mutane, wadda aka buɗe tun 1814, tsawonta ya kusa rabin mil. Na taho a kanta lafiya lau, iska na kaɗa shadda. A ƙarshenta wata tsohuwa ta sako ƙafa za ta tsallaka titi. Na ja birki, keke ya tsaya. Na zo sauke ƙafa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ashe sai ka murɗa dunduniya waje takalmin ke sakin feda. Wanda bai taɓa irin wannan faɗuwa ba ba zai gane ba: babu gudu a cikinta, babu gaggawa, kana da lokacin yin salati cikakke, ka kalli mutane su kalle ka, sannan ka kwanta a gefe ɗaya da kekenka a tsakanin ƙafafu, hannuwa na riƙe da kai har yanzu. Tsohuwar ta sunkuyo tana tambaya ko lafiya. Na ce mata taya nake dubawa.

Bembridge da Sandown da Shanklin sun wuce da daɗi, ban da sarƙa da ta cinye bakin wandona na dama har ƙwauri. Garuruwa ne na masu hutu: kujeru a kan yashi, yara da bokitai, tsofaffi na lasar askirim cikin rigar sanyi. Har na fara tsara yadda zan ba da labari.

Daga Shanklin ƙasa ta miƙe tsaye. Garin Ventnor an gina shi ne hawa-hawa a jikin tudun St Boniface, wanda shi ne mafi tsayi a tsibirin, mita 241, kuma akwai titi a garin da sunansa na gaskiya Zig Zag Road. Bazazzagi ya ce ba a zuwa Ventnor a ƙi ganin bakin ruwa. Muka gangara, birki na kuka. Muka ga ruwa. Ruwa ne dai irin wanda muka baro a Shanklin. Sannan ya nuna mini inda za mu koma. Na danna giya har ta ƙare, na ci gaba da dannawa ko Allah zai sa a samu wata a ɓoye. Daga bisani na sauka na tura, a nan kuma na gano cewa takalmin da ya ƙi sakina a kan keke ba a yi shi don tafiya a ƙasa ba. Ƙwas, ƙwas, santsi. Ƙwas, ƙwas, santsi. Wani mutum da ke shayar da furanni ya ajiye butarsa ya bi ni da kallo har na sha kwana.

Daga saman Blackgang, inda akwai wani wurin wasan yara da ke aiki tun 1843, ana hango gaɓar kudu maso yamma gaba ɗayanta har fararen duwatsun Freshwater. Gaskiya wurin ya yi kyau, ko da ido na ganin bibbiyu. Ƙasa da mu ga hanyar da suke kira Military Road, wadda aka fara shimfiɗawa a ƙarni na 19 don tsaron gaɓar, miƙaƙƙiya, babu tudu sosai. Na ce alhamdulillahi, an zo filin Kanawa.

Abin da ba a gani daga sama shi ne iska. A wannan gaɓa daga yamma ko kudu maso yamma ta fi tasowa, mu kuma yamma muka nufa. Kana taka feda da dukkan ƙarfinka, shanun da ke kiwo a gefe suna nan daidai kafaɗarka ba su matsa ba. Shaddar da ta yi mini kwalliya da safe ta cika da iska tana jan ni baya. Bazazzagi ya kwantar da kai a kan keke ya ce mu haɗu a Freshwater, ya ɓace. Mutum ɗaya na iya wucewa a ranar, wani uba mai jan 'yarsa a ɗan akwati mai taya a bayan keke, shi ma don ya tsaya goge mata hanci ne.

Alamomin suka karkatar da ni cikin ƙauyuka wajen Brighstone, siraran hanyoyi masu shingen ƙaya da ya fi mutum tsawo, ba ka ganin teku ba ka ganin komai. Gidajen jinkar ciyawa ne, kuma wai a nan sai mai hali ke zama a cikinsu. Nan tayar baya ta yi tsaki ta kwanta.

Na tsaya ina waige-waige, nufina in hango inuwar bishiya da tsohuwar taya a rataye da kwanon ruwa. Mil sittin da biyar, mutane na yawo a kan keke dare da rana, amma babu wanda ya yi tunanin buɗe wurin faci! Wannan asarar kasuwa ta fi facin ba ni haushi.

Wani dattijo ya fito daga lambunsa da kare. Na tambaye shi ina mai faci yake. Ya dube ni, ya dubi keken, ya zuge wata 'yar jaka a ƙarƙashin sirdi da ban san da ita ba, sai ga sabon tif da 'yan robobin cire taya. Ya kifa keken, ya zare ƙafar baya, ya bi cikin tayar da yatsa har ya ciro ƙayar ya nuna mini, ya sa tif, ya buga iska. Na ciro fam biyar. Ya yi dariya ya ƙi karɓa, ya ƙara mini da shayi da biskit. Sannan ya jingine keken a ƙofar lambu, na hau na yi godiya na kama hanya.

Jama'a, shayin nan! Ƙarfi ya dawo mini gaba ɗaya. Keke na gudu ba tare da na roƙe shi ba. Ga alamar tsibiri a kowace mararraba tana nuna mini gaba. Masu keke na tahowa ta ɗaya hannun, fuska a murtuke, haƙora a waje, ina ɗaga musu hannu cikin tausayi. Har wani uba na gani yana jan 'yarsa a akwati, na ce ikon Allah, Turawan nan kamarsu ɗaya, har 'ya'yansu. Na fara haɗa maganar da zan yaɓa wa Bazazzagi idan na cim masa.

Ina cikin haka waya ta yi ƙara.

"Bawana, kana ina? Na gama cin abinci har na yi sanyi."

"Ga ni nan tafe, gudu nake kamar me. Ga wata tsohuwar coci, ga wani babban tudu a gabana."

Ya yi shiru. "Tsaya. Teku tana wane hannunka?"

Na duba. "Dama."

"Da safe fa?"

Ban amsa ba, don a daidai lokacin na karanta allon da ke gabana: Chale. Tudun kuwa Blackgang ne. Dariyar da ya yi sai da na janye wayar daga kunne.

Komawa cikin iskar nan ba ta taso ba, hawa Blackgang kuma sai dai a ɗauke ni. Tsibirin daga kudu zuwa arewa bai wuce mil 13 ba, don haka na ratsa ta tsakiyarsa zuwa Newport, daga nan na bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta keke, a gefen kogin Medina, shimfiɗaɗɗiya har Cowes. Na riga shi isa da nisa. Na sayi kifi da soyayyen dankali na zauna a bakin ruwa don ya same ni cikin natsuwa. Ban kai loma ta biyu ba wani farin tsuntsun teku ya zo ta bayan kafaɗata ya tafi da kifin ɗungurungum. Shirwar mahauta ma takan yi shawagi ta ba ka sanarwa, wannan ko inuwarsa ban gani ba.

Bazazzagi ya iso ta Yarmouth, gishirin gumi ya bushe a fuskarsa, ya same ni da dankali. Muka shiga kwale-kwalen ƙarfe da ake ja da sarƙa ya tsallakar da mu East Cowes, inda gidan Osborne yake, wanda Sarauniya Biktoriya ta rasu a ciki a 1901. Da muka tsaya sallah ya gyara murya ya ce shi dai ya haura mil 48, matafiyi ne, kasaru ta halatta gare shi. "Kai kuwa cika abarka za ka yi, Malam. Mazaunin gida ne kai, unguwa ka zaga."

Kafin mu sauka a Portsmouth ya riga ya tura taswirar tafiyata a zauren ɗalibai, don ashe na'urar da ke kan keken tana zana duk inda aka bi. Wani ya tambaya ko mantuwa na yi a Chale na koma ɗaukowa.

Shekaranjiya ya shigo ɗakina ya ce ana yin gangamin zagaye tsibirin duk shekara, kilomita 100, zai rubuta sunana. Na ce masa ranar ina da ɗaurin aure a Leicester. Ya ce ai bai faɗi ranar ba tukuna.