Kafin ku sake ɗaukar bindiga zuwa fadamar Densu

Ƙannena na Nima da Mamobi da Sabon Zango a birnin Accra, mun ji wasunku sun tsiro da fita harbin agwagin ruwa da asuba a bakin kogin Densu, can wajen Tetegu da Tsokomey. Farauta ba haramun ba ce, kakanninmu ma sun yi ta. Sai dai maharbi na asali yakan san dajin wa ya shiga, yakan gaida masu gari kafin ya ɗana kunama. Ku kuwa babura kuke hawa, ku faɗa ƙauyen mutane ko sallama babu.

Ruwan nan da kuke gani shiru, wurin neman abincin jama'a ne. Tun da duku-duku masunta suna ciki da kwale-kwalensu, mata sun tsunduma har ƙugu suna laluben abin sayarwa, ciyayi sun rufe su. Harsashin bindigar farauta watsuwa yake yi, kuma in ya daki ruwa a karkace yakan zille ya nufi inda ba a aike shi ba. Agwagwar kirinjijiya guda nawa take, da za a tsiyaye idon ɗan wani saboda ita? Ranar da tsautsayi ya gitta, ba sunanka za a kira ba, cewa za a yi yaran zango ne, dattawanmu su kwana suna ba da haƙuri.

Ga kuma hukuma. Tun 1992 bakin Densu yake cikin wuraren da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ta keɓe saboda tsuntsayen ruwa, shi da Sakumo da Songor da Keta. Kowace shekara, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, an rufe farauta a Ghana don dabbobi su hayayyafa. Bindigar da ba ta da lasisin 'yan sanda kuwa, wannan ba sai na faɗa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne naman kansa. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ambaci sunan Allah ya yi harbi zai iya cin abin da ya kashe, amma in ya same shi ya faɗa ruwa ya mutu kada ya ci, don bai san ko kibiyarsa ce ta kashe shi ko ruwan ba. To agwagwa a ina take faɗuwa? A ruwa. Wata da sauran ranta, a cim mata a yanka, babu laifi. Wata kuwa sai an daɗe ana lalube cikin ciyawa kafin a tsamo ta, ta riga ta sandare, a jefa a buhu ɗaya da sauran. Wa ya ware wadda aka yanka da wadda ta nutse? Ku je ku tambayi limamin unguwarku kafin ku sake miƙa wa iyayenmu mata su fige su dafa.