Ba Kowane Kalsiyam Ake Zubawa a Tankin Murjani Ba

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin masu kiwon murjani mai rai (wata halittar teku ce) a tankin gilashi: wai in dai sunan sinadarin da ake zubawa a tankin ɗaya ne, to ko wane buhu ka saya duk ɗaya ne. Suna da hujjarsu. Kalsiyam kuloraid da ake barbaɗawa a titunan Amurka da Kanada don narkar da ƙanƙara sunansa ɗaya da wanda ake sayarwa don tanki, ga shi kuma da araha.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan abin da ya rage a buhun. Na titi ba a tace shi don wata halitta ta rayu a cikinsa ba, yana iya zuwa da gurɓin ƙarafa. Murjani kuwa, da jatan lande da dodon koɗi, tagulla kaɗan ta isa ta kashe su, alhali kifin da ke gefensu yana yawo lafiya lau.

Sannan tanki ba teku ba ne. Ruwa yana tashi ya bi iska, dattin ya zauna. Mai tanki kullum yana ƙara sinadari don kalsiyam ya tsaya wajen kashi 420 a cikin miliyan, kamar na ruwan teku. Kowane cokali yana barin nasa gurɓin, yau da gobe sai ya taru, ruwan kuma garau a ido.

Ba tsada ce ma'auni ba. Bekin soda na girki, wanda shi ma ake zubawa a tanki don daidaita ruwan, tsantsarsa yana aiki sarai. Amma bekin fauda a guje shi, don akwai sitaci a ciki, sau da yawa har da fosfet mai haifar da gansakuka.