Ba kullum maki 60 ya fi 55 ba

Ɗalibai biyu sun zauna jarrabawa ɗaya, wannan ranar Litinin, wancan ranar Alhamis. Na Litinin ya ci tambaya 60 cikin 100, na Alhamis ya ci 55. Da sakamako ya fito, sai ga na Alhamis a sama. Duk wanda ya ji zai ce an yi cuta. Ni kuwa a ganina, cutar ita ce a yanke hukunci ba a duba takardar da kowannensu ya amsa ba.

Ba hukumar da za ta maimaita duka tambayoyin Litinin ranar Alhamis, don kafin gari ya waye sun gama yawo a wayoyi. Dole a sa wasu. Kuma komai gwanintar masu tsarawa, takardu biyu ba sa zuwa da wuya daidai wa daida.

Maganin da ake amfani da shi yanzu, wanda masana ke taƙaitawa da IRT (Item Response Theory, wato nazarin yadda ake amsa kowace tambaya), ya ɗora ɗalibi da tambaya ne a kan ma'auni guda. Georg Rasch, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, ya fito da nasa tsarin a 1960. A lissafinsa, idan ƙarfin ɗalibi ya yi daidai da nauyin tambaya, wato wuyarta, damar ya ci ta kashi 50 ce cikin ɗari. In ya ɗara ta da mataki ɗaya, damar ta kai 73, da mataki biyu kuwa 88. A Amurka, aikin Frederic Lord da Allan Birnbaum ya sa ana duba abu biyu kuma: yadda tambaya ke tantance gwani daga mai rauni, da rabon mai canki-canka, wanda in zaɓi huɗu ne yana iya dacewa sau ɗaya cikin huɗu.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba wanda ya rubuta tambaya ne ke faɗin nauyinta ba. Ɗalibai ne. Akan cusa sababbin tambayoyi cikin jarrabawa ba tare da an ba su maki ba, ɗaruruwa ko dubbai su amsa, sannan a auna. Na taɓa tsara wata da na rantse ba ta da aibu. Da alƙaluma suka dawo, sai na ga hazikai sun fi faɗuwa a kanta, masu rauni na ci. Ashe zaɓi biyu ne daidai, kuma mai zurfin karatu ne kaɗai ke hango na biyun.

Haɗa Litinin da Alhamis kuwa sai da gada: wasu tambayoyi da ke cikin takardun biyu, galibi kusan ɗaya cikin biyar na jarrabawar. Idan 'yan Alhamis sun yi kunnen doki da 'yan Litinin a tambayoyin gada, amma jimillarsu ta gaza, to takardarsu ce ta fi tsauri, sai a ɗaga musu.

A nan kuma lagon yake. Tambayoyin gada su ne ake maimaitawa, don haka su ne suka fi saurin fita. Da sun fita, lissafi zai ɗauka 'yan Alhamis sun fi ƙarfi, ya ƙara wa dukkansu, har wanda bai leƙi satar ba, 'yan Litinin su kwana ciki. Ko sauya wa tambaya gurbi daga lamba 5 zuwa 90 yana ƙara mata nauyi, don a lokacin an gaji. Kuma ba lallai tambaya ta yi nauyi ɗaya ga kowa ba. A kan haka Svend Kreiner na Jami'ar Copenhagen ya soki jarrabawar PISA, wadda ake kwatanta ɗaliban ƙasashe da ita, yana cewa matsayin ƙasa na iya hawa ko sauka gwargwadon tambayoyin da aka lissafa. A 2015 masu PISA suka gyara tsarin lissafinsu.

Saboda haka mai ƙorafin 60 da 55 ya yi kuskure a lissafi, amma yana da gaskiya da ya tambaya. Hukumar da ke miƙa masa lamba tsirara ta ce ya yarda kawai, ita ta jawo zargin. Ba abin da zai hana ta buga jadawalin da ke nuna abin da 55 ta Alhamis ta zama a ma'aunin Litinin, ta kuma faɗi tambayoyin gada nawa ta cire bana saboda nauyinsu ya sauya.