Sojan Amurka ya yi kukan rashin matasa, yana kuma korar masu ƙifta ido

Da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta gaza cika adadin sabbin kuratan da take nema a 2022, da giɓin kusan mutum 15,000, janar-janar ɗinta sun yi ta kukan cewa matasa sun guje su. Kukan nan ya ishe ni. Ƙa'idar lafiya ta ma'aikatar tsaro, mai lamba 6130.03, har yanzu tana lissafa ciwon Tourette cikin abubuwan da ke hana mutum shiga soja, sai dai ya nemi izini na musamman, ya zauna jiran tsammani.

Wane ciwo ne wannan da ake gudu haka? Yawanci yakan fara ne a ƙuruciya, tsakanin shekara 5 zuwa 10: yawan ƙifta ido, ɗaga kafaɗa, gyaran murya ba da niyya ba. Da yawa kan samu sauƙi da sun fara zama samari. Zagin da ke kuɓuce wa baki, wanda shi kaɗai jama'a suka sani, bai wuce kusan mutum ɗaya cikin goma ba. Likitan Faransa Gilles de la Tourette ya bayyana ciwon tun 1885, amma har yau ana kallonsa kamar taɓin hankali. Mu ma a nan ba mu tsira ba, yaro na fara fizge wuya sai a ce iska ce.

Masu kare ƙa'idar na cewa fizga ɗaya a bakin daga na iya tona asirin runduna. Sai ka ce kowane soja maharbin ɓoye ne, babu direba, babu malamin asibiti, babu mai aikin kwamfuta.

Tim Howard na da Tourette, shi ne kuma ya tsare ragar Amurka a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya tare ƙwallo aƙalla 15 a wasa ɗaya da Beljiyam. Jumaane Williams na da shi, tun 2019 kuma mutanen New York suka zaɓe shi mai kare muradun jama'ar birnin, yana tsayawa gaban kyamara yana jawabi da fizgarsa. Da ofishin ɗaukar kurata suka fara zuwa, da takardar likita ce za ta tarye su a ƙofa.

A gwada mutum a filin horo, a ga abin da hannunsa ke yi da bindiga. A 2022 ma'aikatar tsaron ta sassauta wa masu wasu larurori 38, har da ADHD, wato larurar rashin nutsuwa da kasa mai da hankali, kuma rundunar ba ta rushe ba.